Wace Hijira? Nazarin Sunayen Ayyuka a Taskar Harsunan Kwamfuta

A Jidda kalanda biyu ke aiki tare. Tikitin jirgin da ke sauke alhazai a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz yana ɗauke da ranar Miladiyya, haka ma albashin ma'aikatan gwamnatin Saudiyya tun Oktoban 2016. Amma azumi, Salla da tsayuwar Arfa da watan Hijira ake ƙirga su, kuma tsofaffin takardun haihuwa da igamar baƙi da yawa ranar Hijira ce a jikinsu. Don haka mai rubuta manhajar banki, ko ta asibiti, ko ta kamfanin jigilar maniyyata a wannan birni, dole wata rana ya juya kwanan wata daga wannan kalanda zuwa waccan. Ba shi zai zauna ya ƙirƙiro lissafin ba. Suna zai kira, kwamfuta ta ba shi amsa.

Kowane harshen kwamfuta yana zuwa da taskarsa ta asali, wato tarin ƙananan ayyuka da aka riga aka rubuta: wani ya jera sunaye bisa haruffa, wani ya buɗe fayil, wani ya faɗi ƙarfe nawa. Mai rubuta manhaja ba kasafai yake leƙa cikin waɗannan ayyuka ba. Sunan yake gani, ya yarda da shi, ya ɗora nasa ginin a kai. Shi ya sa raɗa suna a wannan taska ya zama sana'a mai tarihi da rigingimunta.

Tarihin gajere ne. A zamanin harshen C, wanda Dennis Ritchie ya gina a farkon shekarun 1970, wuri ya yi ƙaranci, har ƙa'idar harshen ta 1989 haruffa shida na farko kawai ta lamunce za a bambance a sunan da ake kira daga wani fayil. A irin wannan matsi aka haifi sunaye masu cinye wasula kamar strcpy da strlen. Ken Thompson, abokin aikin Ritchie, da aka tambaye shi abin da zai gyara a tsarin Unix, cewa ya yi zai mayar wa creat harafinsa na ƙarshe da aka yanke. Da matsin ya kau, Java da ire-irensa suka koma ga dogayen sunaye, darasin da ake koya wa ɗalibai kuma ya zama: kada ka taƙaita, rubuta cikakkiyar kalma, suna zai fito fili.

Darasin ba ƙarya ba ne, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Suna yana iya cika fam da haruffa, kowa ya karanta shi ba gargada, ya kuma ɓatar da mai karatun. Abin da nake nema a suna shi ne ya faɗi iyakarsa: lissafin wa yake bi, a ina ya tsaya. Kalandar Hijira ce ta fi fito da wannan fili, domin ba ɗaya ba ce.

Akwai ganin wata da ido, wanda hukuma ke tabbatarwa ta sanar. A Saudiyya Kotun Ƙoli ke yi, a Najeriya Sarkin Musulmi, Nijar ma da nata masu sanarwa, kuma ya sha faruwa mutanen Maraɗi su sauko daga idi alhali na Katsina suna riƙe da azumi. Akwai lissafin jadawali na tsofaffin masana taurari, inda watanni ke karɓa-karɓa tsakanin kwana 30 da 29, a kuma ƙara kwana ɗaya a shekaru 11 cikin kowace 30. Shi ma kala-kala ne, don an saɓa kan shekarun da za a ƙara wa kwanan, an kuma saɓa ko ranar Alhamis 15 ga Yulin 622 za a fara ƙirga ko Juma'a 16 ga wata. Sai kalandar Ummul Ƙura, wadda ofisoshin Saudiyya ke bi wajen ranar Hijira. Tun shekarar 1423 ta Hijira ƙa'idarta ita ce: a ranar 29 ga wata, idan haɗuwar wata da rana ta auku kafin faɗuwar rana a Makka, kuma watan ya faɗi bayan rana, to gobe ɗaya ga sabon wata. Waɗannan hanyoyi uku sukan saɓa da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Kwana ɗaya kuwa a kan wa'adin igama ko biza shi ne tsakanin mai bin doka da mai biyan tara.

To bari mu ga yadda manyan taskoki suka yi da wannan. Taskar .NET ta kamfanin Microsoft tana da HijriCalendar, tana da UmAlQuraCalendar. Na biyun suna ne da ya yi gaskiya: ya faɗi lissafin wa yake bi, kuma takardunsa sun ce daga 1318 zuwa 1500 kawai ya sani. Na farkon kuwa ya ɗauki sunan Hijira baki ɗaya, alhali jadawali ɗaya ne a cikinsa, wanda Microsoft ke kira lissafin Kuwaiti. Masu shi sun san ba zai dace da kowace ƙasa ba, shi ya sa suka liƙa masa wani maɓalli, HijriAdjustment, da ake ƙara ko rage har kwana biyu da shi. Wato sunan ya yi alkawarin da sai an bi shi da faci. Ɗalibi a Jami'ar Sarki Abdul'aziz da aka ce ya fito da ranar Hijira, wanne hannunsa zai fara kaiwa? Wanda aka rubuta Hijri a jikinsa mana. Zai sami amsa, ba wani gargaɗi, amsar kuma tana iya saɓa wa kalandar da ke rataye a bangon ajinsu.

Java ya bi ta ɗaya gefen, ya faɗa rami iri ɗaya. Lokacin da aka fitar da Java 8 a Maris na 2014, an zo da sabon sashen kwanan wata da Stephen Colebourne ya jagoranta, a ciki akwai HijrahDate da HijrahChronology. Sunan na kowa ne, cikin kuwa Ummul Ƙura ce, jadawalin shekarun 1300 zuwa 1600. A Jidda wannan ya yi daidai, ba wanda zai koka. Amma matashi a Zariya da ya gina manhajar makarantar Islamiyya a kan HijrahDate, kalandar Saudiyya ya sa wa iyayen yara ba tare da ya sani ba, kuma ranar da sanarwar Sakkwato ta saɓa, shi za a ce bai iya ba.

Ƙungiyar Unicode, wadda yawancin wayoyi da manhajojin shiga intanet ke ɗibar bayanan kalanda daga wurinta, ta fi kowa ƙoƙarin rarrabewa. Tana da islamic-civil da islamic-tbla, jadawali biyu masu bambancin ranar farawa. Tana da islamic-umalqura. Waɗannan uku ba ni da ƙorafi a kansu sai na tbla, wanda ba mai gane shi sai ya buɗe takarda. Amma akwai islamic tsurarsa, sunan da ya rungumi duniyar Musulmi duka, alhali ƙiyasin ilimin taurari ne da babu hukumar da ke sanarwa da shi. Akwai kuma islamic-rgsa, da aka ware wa ganin wata na Saudiyya. Wannan ya fi damuna. Ganin wata labari ne da ke zuwa bayan magariba, daga bakin shaidu zuwa kotu. Babu lissafin da zai san shi tun bara. Suna ne da aka raɗa wa abin da taska ba ta da ikon bayarwa.

Mai awon hatsi na kirki, idan baƙo ya ce a auna masa mudu goma, yakan nuna masa kwanon tukuna, don ya san mudun wannan kasuwa ba lallai ya zama na kasuwarsu ba. Abin da UmAlQuraCalendar ya yi ke nan, abin da HijrahDate bai yi ba.

Matsalar ba ta tsaya ga sunan kalanda ba, ta shiga har ƙananan kalmomi. A Java akwai HijrahDate.now, wato ranar Hijira ta yanzu. Ƙarfe goma sha biyun dare yake juya rana. Mu kuwa mun san daren Juma'a da magaribar Alhamis yake shiga, kuma daren 27 ga Ramadan yana gaban yininsa. Tsakanin magariba da tsakar dare, amsar da wannan aiki ke bayarwa ta ofis ce, ba ta masallaci ba. Ba na cewa Java ya yi kuskuren lissafi. Ba zai san faɗuwar rana ba sai an gaya masa garin. Ina cewa sunan bai nuna akwai tambaya a wurin ba. Haka ƙarshen mako: Saudiyya ta mayar da hutunta daga Alhamis da Juma'a zuwa Juma'a da Asabar a Yunin 2013, amma NETWORKDAYS na Excel, mai ƙirga ranakun aiki, Asabar da Lahadi ya sani. Sai a fitowar 2010 aka ƙaro NETWORKDAYS.INTL. Dubi wanda aka bar wa suna tsurarsa, da wanda aka ɗaura wa jela. Al'adar masu rubutun ce ta zama abin da ba ya bukatar bayani, ta sauran duniya ta zama ƙari.

Rubutu ma haka. A C, strlen na nufin tsawon rubutu, amma bayit yake ƙirgawa, wato ma'aunin gurbin da rubutu ke ci a kwamfuta. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, don haka kalmar ƙasa, mai haruffa huɗu, biyar za ta ba ka. Kowane harafin Larabci ma biyu ne. Sunan Ɗanladi ko na wani Bajidde yana iya yankewa a tsakiyar harafi a kan fom saboda wannan. Aikin isdigit na C daga 0 zuwa 9 na boko kaɗai ya sani, shi kuwa mai irin sunan a Python yana karɓar lambobin Larabci da ake bugawa a wayoyin Jidda. Suna ɗaya, hali biyu. A nan harshen Rust ya burge ni: yana da is_ascii_digit, yana da is_numeric dabam. Kalmar ascii da ke tsakiya ta gaya maka haruffan Turanci kawai ake nufi, tun kafin ka jarraba.

Wani zai ce, in an gane suna bai dace ba a canza shi mana. Ba ya yiwuwa cikin sauƙi, kuma wannan ne ya sa sana'ar ke da nauyi. JavaScript, da Brendan Eich ya haɗa cikin gaggawa a 1995, ya kwaso getYear daga Java. Ba shekara yake bayarwa ba, shekarar da aka cire wa 1900 ce. Da 2000 ta shigo, shafuka suka riƙa nuna 19100. Ba a iya gyara shi ba, tun kafin nan ma getFullYear aka kawo aka ajiye kusa da shi, tsohon yana nan har yau. A taskar dai getDay ranar mako yake nufi, getDate ranar wata, getMonth kuma daga sifili yake fara ƙirga. A 2018 kwamitin harshen ya so ya ƙara aiki mai suna flatten, sai aka gano tsofaffin shafukan da ke amfani da wata taska mai suna MooTools za su lalace, dole aka koma flat. Ita ma Unicode ta taɓa kiran jadawalinta islamicc, da c biyu. Ta sauya zuwa islamic-civil, amma tsohon sunan bai mutu ba, ana ci gaba da karɓarsa.

Akwai hujja a ɗaya ɓangaren, kuma ba ta banza ba ce. Idan kowane suna zai ɗauko duk sharuɗɗansa a ka, rubutun manhaja zai zama kaya, ido ya gaji kafin ya kai ga ma'ana. Dole a sami abin da ake ɗauka ba sai an faɗa ba. Kuma tsari yana rage tsawo: a wannan sashe na Java da na soka, of kullum ƙirƙira yake, plus ƙari, with ya ba ka kwafi mai gyara ɗaya, to ya juya zuwa wani nau'i. Wanda ya koyi waɗannan ƙananan kalmomi zai iya hasashen ɗaruruwan sunaye bai buɗe littafi ba. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Amma gajarta halal ce a inda mutane ba su saɓa ba. Inda aka saɓa, kamar farkon wata, farkon yini, ranar hutu da abin da ake kira harafi, mai raɗa suna da ya yi shiru ya zaɓi ɓangare ne, ya kuma ɓoye zaɓin.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin samarinmu a Kano da Kaduna da Yamai suna rubuta manhajojin lokutan salla, na zakka, na rajistar maniyyata, kuma su ma suna raɗa sunayen da wasu za su gada. Maniyyaci daga Gusau yana rayuwa ƙarƙashin ranaku uku a tafiya ɗaya: wadda aka sanar a gida, wadda ke kan takardun ofis a Jidda, da wadda Kotun Ƙoli ta tsayar don Arfa. Aiki guda mai suna ranarHijira ba zai ɗauke su ba. Ta ofis lissafi ce, a kira ta ranarUmmulKura, taska ta bayar. Sauran biyun sanarwa ce: a ba su gurbi a rumbun bayanai, da sunan hukumar da ta sanar da ranar da ta sanar, mutum ya shigar da su da hannu a daren da labarin ya iso.