Nassi ko Al'ada? Nazari kan Hujjar Ambedkar Game da Wariyar Asali a Wuraren Ibada

A shekarar 1936 Dokta B. R. Ambedkar ya buga jawabinsa mai suna Annihilation of Caste, wato rushe tsarin wariyar asali, bayan ƙungiyar da ta gayyace shi Lahor ta soke taron saboda kaifin abin da ke cikinsa. Ginshiƙin hujjarsa shi ne cewa wariyar da ake yi wa 'yan Dalit, waɗanda ake ɗauka taɓa su najasa ne, ta samo ƙarfinta daga tsarkin da Hindu ke bai wa littattafansu. Muddin ba a tumɓuke wannan imani ba, gyara ba zai yiwu ba. A ganinsa, rarrabuwar da ke tsakanin waɗanda ba Hindu ba ba ta kai wannan ba, domin ba ta da madogara a addininsu.

Ɓangaren farko na hujjar yana da ƙarfi. A Vaikom, tsakanin 1924 da 1925, fafutikar da aka yi ba ta shiga haikali ba ce, ta neman izinin bin hanyoyin da suka kewaye shi ce kawai. A 1930 Ambedkar ya jagoranci dubban mutane zuwa haikalin Kalaram a Nashik, aka rufe musu ƙofa. Sai a 1936 masarautar Travancore ta buɗe haikalanta ga dukkan mabiya addinin Hindu, sannan sashe na 17 na tsarin mulkin Indiya na 1950 ya haramta wannan ƙyama.

Raunin hujjar yana ɓangare na biyu, kuma tarihin Kiristanci a Kudancin Indiya shi ne shaida. Roberto de Nobili, da ya isa Madurai a 1606, ya yi shigar Brahmin ya nisanci na ƙasa don ya jawo na sama, kuma a 1623 Fafaroma Gregory na 15 ya yarje wa waɗanda suka shiga Kiristanci su riƙe wasu alamomin asalinsu. Abin da aka ɗauka hikimar wa'azi ya zame gado: an ware wa 'yan Dalit wurin zama a wasu majami'u, kuma a Tiruchirappalli katanga ta raba kaburbura a maƙabarta guda. Majalisar limaman Katolika ta Indiya ta amsa wannan laifi a 2016, sannan ba a samu kadinal ɗan Dalit ba sai a 2022. A nan babu nassin da ya halatta, amma ƙofa ta ci gaba da ƙunci. Ashe auratayya a cikin dangi kaɗai, da mallakar ƙasa, da gadon sana'a sun isa su riƙe wariya. Shi kansa Ambedkar ya bayyana rawar auratayyar a maƙalarsa ta 1916, sai dai a 1936 ya fifita nassi a kanta.

Bai kamata ɗalibin ilimi Musulmi ya karanta wannan yana murmushi ba. Aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta mayar da fifiko ga taƙawa, amma duk da haka rabon Ashraf da Ajlaf da Arzal sananne ne a tsakanin Musulmin Indiya, har ana fakewa da babin kafa'a a aure don kare shi. Adalcin bincike shi ne mu auna kanmu da mudun da muka auna wasu: a duba nassi, sannan a duba wa ake bai wa limanci, wa ake bai wa aure, kuma kusa da wa ake binne mutum.