Zomo da Zakaran Ƙwallo: Abin da Muka Jira a Space Jam na Biyu

A daminar 2021 na je gida Kiru, inda nake zuwa in huta da hayaniyar Kano da aikin rubuta manhaja. Ɗan yayata, yaro ɗan shekara 11, ya dawo daga shagon masu tura finafinai a Kwanar Ɗangora yana murna, ya ce: “Kawu, ga fim ɗin nan da kake ta ba ni labari, sun yi na biyu.” Muka zauna a zaure, hadari yana haɗowa ta wajen dajin Ɗansoshiya, muka kalli Space Jam: A New Legacy a waya ɗaya. Shi ya yi ta dariya har aka gama. Ni kuwa na tashi da ɗacin rai, kuma na daɗe ina neman sanin ko laifin fim ɗin ne ko nawa.

Na farkon ya fito a 1996, Joe Pytka ne ya ba da umarni. Asalinsa tallar takalmin Nike ce da ta haɗa Michael Jordan, gwanin ƙwallon kwando na Amurka, da zomon katun Bugs Bunny. Wasu ƙananan halittu daga wata duniya suka zo kama su Bugs domin su mayar da su bayi a wurin shaƙatawar ubangidansu. Aka yi yarjejeniya a raba gardama da wasan ƙwallon kwando. Halittun suka sace gwanintar ’yan wasa biyar, ciki har da Charles Barkley da Patrick Ewing, suka zama ƙatti. Su Bugs suka jawo Jordan ta ramin wasan golf don ya cece su. Na kalle shi ina yaro a kaset ɗin bidiyo, a talabijin ɗin wani maƙwabcinmu, ba na jin Turancin sosai, amma ban rasa komai ba. Kowane yaron da ya taso da tatsuniya ya san ƙaramin da ke kayar da babba da dabara. Bugs bai yi mana baƙunta ba, domin mun san zomo, mun san Gizo.

Shekara 25 aka yi kafin na biyun. A tsawon lokacin nan masu kallo sun gina fim ɗin a zuciyarsu tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. Da aka tabbatar a 2018 cewa LeBron James ne zai ja fim ɗin, sai gardamar ta koma wadda aka saba, wato tsakaninsa da Jordan wa ya fi. Wasu suna jiran Jordan ya leƙo ko da na minti ɗaya. Wasu suka tayar da ƙura a kan yadda aka sake zana Lola Bunny. Har shafin intanet na fim ɗin farko, wanda aka bari yadda yake tun 1996, mutane suka damu da kada a goge shi. A matsayina na mai wannan sana’a na gane damuwar, domin abu ne mai wuya shafi ya kai wannan shekaru ba a taɓa shi ba.

Masu fim ɗin sun san ana jiran Jordan, har suka mai da jiran abin barkwanci. A hutun rabin lokaci, ana cin su LeBron mugun ci, sai mage Sylvester ya shigo da albishir cewa ya samo Michael Jordan a cikin ’yan kallo. Aka saki kiɗa, aka hasko ƙofa, sai ga ɗan wasan fim Michael B. Jordan. Wannan ce fitowar da ta fi kowace gaskiya a fim ɗin, domin ta faɗa wa manya irina cewa abin da suka zo nema ba ya nan. A wannan gaɓar laifin nawa ne. Ƙuruciyata nake so a dawo mini da ita, da zaman tabarma a gaban talabijin ɗin maƙwabci, kuma babu kamfanin da zai iya sayar mini da wannan.

Amma fim ɗin ma yana da nasa laifin, kuma ya fi nawa girma. Malcolm D. Lee ne ya ba da umarni, kuma yana da labari mai kyau a hannunsa. Dom, ɗan LeBron a cikin fim, yana son ƙirƙirar wasannin kwamfuta, uban kuma ya kafe sai ƙwallo. Na san wannan zaman. Lokacin da na ce kwamfuta zan karanta, mahaifina likita yake so, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya daina tambayata me nake yi a gaban allo tun safe har dare. Da an bi wannan zaren an ja shi a hankali, da an sami fim ɗin da zai tsaya da ƙafarsa ba tare da jingina da na 1996 ba.

Maimakon haka aka cusa uba da ɗa cikin rumbun kwamfutocin Warner Bros., aka yi ta yawo da uban daga wannan haja zuwa waccan: The Matrix, Mad Max, Casablanca, Game of Thrones, Harry Potter. A wasan ƙarshe aka jera King Kong da sauran ɗaruruwan halittun kamfanin a gefen fili suna tafi. Taron tsintsiya ne ba shara. Ko ɗaya a cikinsu bai canza komai a labarin ba, an kawo su ne don mai kallo ya nuna da yatsa ya ce ya gane wancan. Fim ɗin ya fito a sinima da manhajar HBO Max a rana ɗaya, 16 ga Yuli 2021, kuma yawancin abin da aka jera a gefen filin hajar da manhajar ke sayarwa ce.

Abin dariyar shi ne mugun fim ɗin, wanda Don Cheadle ya fito a matsayinsa, shi kansa tsarin lissafin kwamfuta ne mai suna Al-G Rhythm, irin wanda ke duba abin da ka kalla jiya ya zaɓa maka na yau. Na rubuta ƙananan irinsa a wurin aiki, na san iyakarsa. Yana ƙirga abin da mutane suka taɓa dannawa, ya ƙaro musu shi, amma bai san dalilin da ya sa suka so shi ba. Fim ɗin ya zagi wannan tsari da baki, sannan ya yi aiki da shi daga farko har ƙarshe. An ƙirga cewa mutane sun so zomo, sun so zakaran ƙwallo, sun so ganin fuskokin da suka sani, sai aka ninka kowanne. Na farkon bai kai minti 90 ba, na biyun ya kusa awa biyu.

Abin da ƙirgar ta kasa gani shi ne raunin Jordan. Ya bar ƙwallon kwando a 1993, bayan an kashe mahaifinsa, ya koma wasan besbol inda bai yi fice ba. A shekarun nan biyu ne ma Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya ɗauki kofin NBA da Houston a 1994 da 1995. Fim ɗin farko bai ɓoye wannan faɗuwa ba, ya nuna Jordan yana kai duka yana kuskure, ’yan jarida suna masa ba’a. Don haka da ya sa kansa a caca, cewa in an cinye su zai tafi bauta, akwai abin da za a rasa. LeBron kuwa an buɗe fim ɗin da jerin nasarorinsa, ana ta kiransa sarki. Wasan ƙarshen ma ba shi da dokar da mai kallo zai riƙe, maki ɗaruruwa ne ke zuba saboda salo. In ba ka san abin da ke kawo nasara ba, gabanka ba zai faɗi don tsoron rashi ba.

Wannan darasi namu ne kai tsaye. Mun taso da littattafan soyayya na ɗaya da na biyu da na uku, da finafinan Kannywood da ke yankewa a tsakiyar rikici a ce sai kashi na gaba. Mun ga yadda masu kallo suka yi ta ƙorafi lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar shirin Labarina na Aminu Saira. Yanzu marubuci yana karanta ra’ayin masu kallo a YouTube da Facebook kafin ya rubuta zango na gaba, kuma jarrabawar ita ce ya ba su duk abin da suka lissafa. Wanda ya yi haka ya mai da kansa Al-G Rhythm.

Akwai wani abu a fim ɗin da ya tsaya mini a rai. Cikin ’yan wasan da aka mayar dodanni akwai Nneka Ogwumike, wadda iyayenta ’yan Najeriya ne, kuma gizo-gizo aka mayar da ita. Na ce da ɗan yayata ga Gizo an kai shi Amurka an cire masa wayo, an bar masa ƙafafu kawai. Ya tambaye ni me ya sa ba a yi namu ba. Muna da Gizo da Ƙoƙi da kura. Muna da Ahmed Musa, wanda ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, kuma a shekarar da fim ɗin ya fito ya dawo Kano Pillars. Muna da damben da ya haifi irin su Shago. Matasan da suka iya zanen katun a kwamfuta kuma suna ƙaruwa a Kano da Kaduna.

Ranar da wani zai haɗa su, shawarata kaɗan ce. Ya bar Gizo da kwaɗayinsa da ƙaryarsa, kada ya wanke shi ya zama malamin tarbiyya. Ya nemi tauraron da zai yarda a yi masa dariya, a nuna shi ranar da ya zubar da fenareti. Ya kafa dokar wasan tun farko, ya tsaya a kanta. In fim ɗin ya karɓu aka fara kiran na biyu, ya saurari masu kallo da kyau, amma ya tuna cewa yaron da zai kalla a zaure bai ga na farkon ba, kuma shi ne ya fi cancanta a rubuta dominsa.