Wane ne Ɗan Ƙasa? Maganar Kuper a Ma'aunin New Bell

A shekarar 2003 Adam Kuper, wani masanin al'adun mutane haifaffen Afirka ta Kudu, ya buga maƙala a mujallar Current Anthropology wadda ta tayar da ƙura tsakanin masana. Ya ce laƙabin nan na "'yan asalin ƙasa", wanda ake ba mutanen da Turawa suka tarar a Amurka da wasu kabilu irinsu, tsohon ra'ayin raini ne aka sake masa riga. A ganinsa, duk inda aka rataya hakkin mutum ga jini da wanda ya riga zuwa, an buɗe ƙofar wariya ke nan.

A Amurka gardamar asali ta daɗe. Yawancin masana sun ce kakannin mutanen nan daga Asiya suka ƙetaro, wasu kabilun kuwa suna cewa a nan aka halicce su. Ƙasusuwan wani mutum da aka tsinta a Kennewick a 1996 sun jawo shari'a ta shekaru. Sai a 2015 gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna ɗan'uwansu ne, aka ba su suka binne shi a 2017.

Mai karatu zai ce ina ruwanmu. To, bari mu kawo maganar gida, mu auna ta a New Bell ta Duwala.

Jamusawa ne suka keɓe wannan wuri domin su kwashe kabilar Duwala daga bakin kogin Wuri, su zaunar da Turawa a can. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ran 8 ga Agusta, 1914. Amma unguwar da aka shirya wa masu ƙasa, baƙi ne suka cika ta: Hausawa fatake, Bamileke, Basa da sauransu. Jikokinsu a nan aka yanke musu cibi. Duk da haka, da tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya yi alkawarin kare hakkin 'yan asali, kuma zaɓen ƙananan hukumomi na shekarar ya ba 'yan Bamileke kujeru a Duwala, sai mutanen Sawa suka fito kan titi suna cewa baƙi sun ƙwace musu gari. Wanda kakansa ya zo fatauci tun zamanin Jamus, yaushe zai daina zama baƙo? A nan kam Kuper ya faɗi gaskiya. Bahaushe mai bin Almasihu ma ya fi kowa sanin ɗacin abin, gama sau biyu ake ce masa baƙo: masu gari su faɗa, danginsa kuma su faɗa. Ba banza ba Manzo Bulus ya koya wa mutanen Atina cewa tushen 'yan Adam ɗaya ne.

Inda na rabu da Kuper shi ne, ya zauna a kan kalma ya manta da masu riƙe da ita. Mutanen Sawa suna da sarakuna da lauyoyi da ministoci. Amma a dajin da ke wajen Kribi akwai Bagyeli, mafarauta, waɗanda da yawansu ko takardar haihuwa ba su da ita. Bututun mai daga Chadi, wanda aka buɗe a 2003, ta dajinsu ya bi. Ɗan abin da ya sa aka kula da su shi ne wannan laƙabi da Kuper yake so a yar, domin ƙa'idar Bankin Duniya ta tilasta a tsara musu wani shiri na dabam. Shirin bai share musu hawaye ba, amma ba don laƙabin ba, da ko sunansu bai shiga takardun ba. Maƙalar ba ta gaya mana abin da Bagyeli za su riƙe in an karɓe wannan daga hannunsu ba.