Sabon Shiga a Fagen Daga: Tsokaci Kan Kwaikwayon Yaƙin Burmi

Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. Amma a fagen wasan kwaikwayo, sau da yawa baƙon ne kan yi tambayar da 'yan gari suka daina yi. Manufar wannan ɗan taƙaitaccen nazari ita ce duba irin wannan tambaya, da abin da take nunawa game da yadda muke kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi.

Wasu ɗalibai a Samarun Kataf sun taɓa shirya wasa a kan Yaƙin Burmi na watan Yuli, 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya rasu, wata huɗu bayan faɗuwar Sakkwato. Da 'yan wasa suka yi ƙaranci sai suka jawo ni, alhali ban taɓa hawa dandamali ba. Kamar yadda aka saba yi wa sabon shiga, aka ba ni matsayin sojan Nasara, aka miƙa mini sanda a madadin bindiga. Ba ni da suna, ba ni da magana, sai dai in yi harbi, in faɗi. Da na tambayi mai shiryawa ko ni wane ne, sai ya ce, "Malam, ai kai abokin gaba ne kawai."

A nan raunin wasan yake. Tarihi ya tabbatar da cewa Turawa ƙalilan ne a rundunar Gwamna Lugga. Yawancin masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne, kuma da yawansu Hausa suke ji. Ke nan mai yiwuwa ne wanda na tsaya a madadinsa ya fahimci kabbarar mutanen da yake harbi. Me ya kai shi aikin soja? Talauci ne, ko gudun bauta? Yaya ya kwana a daren nan? Marubucin da ya tsallake waɗannan tambayoyi ya yi asarar tauraron da ya fi kowa nauyin zuciya, ya kuma mayar da wasansa kirari. Ko wasan Attahiru na Ahmed Yerima, wanda aka rubuta da Ingilishi, ƙarfinsa na cikin muhawarar fada kan zaɓi tsakanin yaƙi, sulhu da hijira ne, ba cikin ƙarar bindiga ba.

Wannan batu ya fi nauyi a Kudancin Kaduna. In abokin gaba Bature ne, 'yan kallo duk sai su yi tafi tare. To, ranar da aka ɗauko hare-haren ƙarni na 19 tsakanin masarautar Zazzau da al'ummar Atyap fa? A ranar, jikokin ɓangarorin biyu ne za su zauna a benci ɗaya. Yankin da ya ga rikicin Kafancan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992 ya san abin da kan biyo baya idan aka raba maƙwabci da sunansa, aka bar masa laƙabin "abokin gaba". Ba cewa muke yi a binne tarihi ba, domin ciwon da aka rufe ba a wanke ba ruɓa yake yi. Abin da muke nema shi ne kowane ɓangare a ba shi baki da dalili.

Al'adarmu ma ta nuna hanya. A hawan Salla, mahaya kan sako dawaki a sukwane kamar masu kai hari, amma da sun iso gaban sarki sai su ja linzami, su yi jinjina. Siffar yaƙi ce, ƙarshenta gaisuwa.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu sha'awar rubuta wasannin tarihi, kafin su miƙa wa sabon shiga sanda, su fara raɗa masa suna, su san garinsu, su kuma rubuta masa ko da jimla ɗaya da zai furta kafin ya faɗi.