Masu Gani da Hannu a Ƙarƙashin Ruwa

Birnin Kano ba garin ruwa ba ne. Wanda ya hau Dala da hantsi ya duba gabas da yamma, rufin kwano zai gani da hasumiyoyin masallatai da Goron Dutse can gefe, babu kogi. Jakara, wadda kasuwar Kurmi ta kafu a bakinta tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta daɗe da komawa magudanar ƙazanta. Ruwan da ɗan birni ya tashi ya sani shi ne kududdufi, ramukan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar ginin ganuwa da gidaje, damina ta cika su. A nan yara da yawa suka koyi iyo a ɓoye, jan ido ya tona musu asiri a gida, suka sha bulala. Yanzu ma an cike yawancinsu an yi gini a kai. Duk da haka Bakano ba ya wasa da kifi: farfesun tarwaɗa, soyayyiyar karfasa da yaji bayan magariba, banda a cikin miyar kuka. Kaɗan ne ke tambayar yadda aka fito da shi.

Masu hali da ke zuwa hutu Zanzibar ko gaɓar Bahar Maliya sukan yi nutso da tukunyar iska a baya da gilashi a fuska, a ruwa garau, don kallon kifi. Masuncin ƙasar Hausa kuwa ruwansa ja ne ko baƙi, taɓo ya gauraye shi, da ya nutse kamu biyu ido ya gama aiki. Abin da ya shiga da shi numfashin ƙirjinsa ne kawai, kuma ba kallo ya kai shi ba.

Kayan aikinsa na asali biyu ne, gora da homa. Goran su babba ne, an fafe shi an bar masa baki a sama. Masunci yakan kifa cikinsa a kan bakin, sai ya toshe shi, iskar da ke ciki ta ɗauke shi, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa. Goran nan shi ne jirginsa, shi ne wurin hutawarsa, kuma shi ne rumbunsa, domin kifin da ya kama a ciki yake jefawa. Kwanciyar ba ta da sauƙi kamar yadda ake gani daga bakin gaɓa. Ka ɗan karkata, gora ya zame ya bar ka, ko ya sha ruwa. Shi ya sa tun yaro bai kai shekara 10 ba ake fara ɗora shi a kan ƙarami. Ba a fafa gora ranar tafiya. Homa kuwa koma ce da aka ɗaura a jikin lanƙwasasshen itace, ana riƙe ɗaya a dama ɗaya a hagu. Yakan buɗe su a cikin ruwa, in ya ji motsi ya haɗe bakunansu wuri guda, kifi ya rasa hanya.

Inda gwaninta take shi ne nutso. Gwani ba ya faɗawa ruwa yana haki. Yakan natsu tukuna, ya ja numfashi a hankali, sannan ya sulale ƙasa ba tare da yawan wutsil-wutsil ba, domin kowane motsi iska yake ci. Jiki ma yana taimakonsa: da fuska ta shiga ruwa mai sanyi bugun zuciya kan ragu, jini ya janye daga hannu da ƙafa ya koma wajen zuciya da ƙwaƙwalwa. Kowane ɗan Adam yana da wannan, amma sabo ne ke sa mutum ya jure kiran da ƙirji ke yi masa ya fito, ya kuma san lokacin da jurewar ta zama ganganci.

A ƙasan, hannu ne ido. Da shi yake lalube saiwoyin bishiya da kogon gaɓa, kuma da taɓawa ɗaya ya san da wa ya haɗu. Tarwaɗa santsi gare ta, ba ta da ɓamɓaroki, ba ta kamuwa sai ta wajen kai. Ƙurungu yana miƙar da ƙayoyinsa su ƙage, wanda ya damƙe shi da garaje zai kwana yana jinyar tafin hannu. Minjirya kuwa ba ta jiran a kama ta, girgiza take sakar wa mutum har kafaɗa. Giwan ruwa, wanda kan fi yaro ɗan shekara 12 nauyi, ba a kokawa da shi kai tsaye. Sai an samu ƙaiƙayinsa an zura igiya, a bar shi ya gaji. Duk wannan lissafi a cikin duhu ake yin sa, iska kuma tana ƙarewa.

Wanda ke son ganin sana'ar a cikar kwalliyarta, sai Argungu. Bikin kamun kifi na can ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gabar Sakkwato da Kabi. A ranar babbar gasa dubban masunta ke rugawa cikin Matan Fada da gora da homa, a ba su kimanin sa'a guda. A bikin 2020, wanda aka yi bayan an shafe wajen shekara 10 ba a taru ba, kifin da ya ci gasa kilo 78 ne. Ni dai kabanci ya fi burge ni: tseren kwalekwale, kamun agwagwar ruwa, kamun kifi da hannu tsura, da gasar daɗewa a ƙarƙashin ruwa. A nan ake bambanta gwani da mai sa'a. A 2016, a zaman da ta yi a Addis Ababa, UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa. A zaman nan ne kuma ta sa matan tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu, waɗanda ke nutsewa har mita 10 cikin teku ba tukunyar iska suna ɗebo abincin ruwa, wasunsu sun haura shekara 70.

Sana'ar tana da doka. Sarkin Ruwa ne ke cewa a shiga, kuma kafin fashin ruwa ba mai taɓa wurin da aka keɓe. Mutane sun fi son labarin asiri, wai yana sallamar kadoji su ba da wuri. Wannan a bar wa masu shi. Abin da kowa zai iya gani shi ne hana su na tsawon watanni yana ba kifi damar hayayyafa da girma, tun kafin a san wani jami'in kula da kifi. Masu zuba guba a ruwa da masu koma mai ƙananan ido da ke kwashe har 'ya'yan kifi, wannan doka suke karyawa.

Kano ma ta samu nata manyan ruwaye daga baya. Gwamna Audu Bako ya gina madatsun Bagauda da Tiga, wadda aka kammala a 1974, sai daga baya aka kammala ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992. Masunta suka kafa zango a bakinsu, ga kuma na Wudil da suka riga su. Birgi da ƙugiya da kwalekwale sun fi yawa a can, amma masu nutso ba su ƙare ba, kuma akan tuna da su ne ranar tashin hankali. A ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, masuntan yankin na cikin waɗanda suka yi ta nutsewa tare da jami'an ceto suna fito da mutane. Ba su da albashi a kan wannan aiki, ba su da takardar shaida, kuma ba wata makaranta da ke koyar da abin da suka iya. Uba ne ke koya wa ɗa, in ɗan bai tafi birni ya kama tuƙin Adaidaita Sahu ba.