Dandali da Dandamali: Nazari a Kan Ginin Gidan Wasa a Tsohuwar Unguwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba dangantakar ginin gidan wasan kwaikwayo da unguwar da aka kafa shi, musamman inda ake son faɗaɗa shi a cikin tsohon gari. Hausa ta bambanta kalmomi biyu da masu fassara kan cakuɗa. Dandamali shi ne tudun da ɗan wasa ke hawa. Dandali kuwa fili ne na kowa, inda 'yanmata ke gaɗa, 'yan kama ke barkwanci, ba mai tambayar wani izinin shiga. Yawancin gidajen wasan zamani sun ɗaukaka na farko, sun yar da na biyu.

A shekarar 1976 aka kammala gidan wasa na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda Steven Ehrlich, Ba'amurke, ya tsara tare da Michael Etherton na fannin wasan kwaikwayo. Da ƙasa aka gina shi, bisa fasalin gidan Bahaushe: katanga, ɗakuna masu jinka, da tsakar gida wadda ta zama filin wasa. Aikin ya cancanci yabo, domin ya kusanto da mai kallo ga ɗan wasa. Sai dai a Samaru yake, cikin harabar jami'a, nesa da birnin Zariya da ya ari siffarsa. Ya yi kama da gari, amma bai zauna da mutanen gari ba. Haka abin yake a gidan tarihi na Jos, inda Zbigniew Dmochowski ya jagoranci kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina. Gine-ginen suna da kyau, amma na ziyara ne.

Unguwar Kongo-Rasha ta Jos ita ce ma'aunin da ya fi tsanani. Gari ne da haƙar kuza ta tara wa jama'a, unguwar kuma cunkusasshiya ce, Musulmi da Kirista sun daɗe suna maƙwabtaka a cikinta. A nan ne rikicin ranar Juma'a, 7 ga Satumba, 2001 ya faro, kuma a kan hanyar wucewa aka fara saɓani. Duk maginin da ya manta da wannan bai san wurin ba. Inda aka taɓa zubar da jini saboda hanya, ƙofa magana ce: ɓangaren da ta fuskanta shi aka gayyata.

Saboda haka kwafo salon Zariya zuwa nan kuskure ne. Zanko da zanen bango, waɗanda ado ne kawai a Kano, a Jos ana iya karanta su a matsayin iƙirarin mallaka, alhali garin na Birom da Anaguta da Afizere da Ibo da Yarabawa ne kuma. Ga shi ruwan saman Filato ba ya raga wa yaɓe. Abin da ya kamata a ara shi ne aikin zaure, wato wurin da baƙo ke zama ba tare da ya shiga gida ba. Ƙarin ginin ya kasance mai ƙofofi ta fuskoki daban-daban, katangarsa gajera, kada tsayinsa ya danne gidajen kwano da ke kewaye, a kuma bar masa farfajiyar da mai talla da ɗan makaranta za su ratsa ko da ranar da ba a wasa.