A Ƙasan Akurki Ake Gane Gwanar Kaji

Daga Funtua zuwa Malumfashi, har Bakori da Kafur da Danja, da wuya ka yi sallama a gida ba ka tarar da kaji ba. Sai dai kajin Hausa masu yawon tsakar gida daban suke da kiwon da ake yayi yanzu, inda mace za ta kwashi kuɗin adashe ta sayo kaji ashirin ko talatin masu ƙwai, irin su ShikaBrown da cibiyar NAPRI ta Shika kusa da Zariya ta samar, ta killace su a bayan ɗaki. Kazar da ke yawo tana watsa kashinta a faɗin unguwa, rana ta busar da shi. Wadda aka kulle kuwa a kan kashinta take ci, take sha, take kwana. Nan masu sabon kiwo ke karyewa. Su zargi mai abinci, su zargi mai magani, alhali ɓarnar tana ƙarƙashin ƙafar kajin.

Shi ya sa nake ganin girman matan da suka iya riƙe ƙasan akurki a bushe. Aiki ne da ba a yi wa guɗa, amma ilimi ne sosai. Kaza ɗaya mai ƙwai takan zubar da kashi sama da giram 100 a rana, kuma kusan kaso uku cikin huɗu nasa ruwa ne. Mai kaji ashirin ke nan tana da kimanin kilo ɗaya da rabi na danshi da ke sauka a ɗakinta kullum, kuma dole a sami abin da zai shanye shi.

Abin da ke shanyewa shi ne shimfiɗa, kuma yankinmu bai rasa ta ba. Ga ɓuntun shinkafa jibge a bayan injinan casa, ga ɓawon gyaɗa, ga totuwar masara da ake ɓarzawa bayan kaka, ga ɓarɓashin katako a wurin kafintoci. Gwana ba ta ɗaukar duk wanda ta samu. Ɓarɓashin katako mai faɗi ta fi so a kan garin nan mai laushi, domin garin yana tashi ya shiga hancin kaji, 'yan tsaki kuma su ɗauka abinci ne su cika ciki da shi. Ɓawon gyaɗa sai ta shinshina tukuna. In ya taɓa shan ruwa ya yi fumfuna, ko kyauta aka ba ta ba ta karɓa, don fumfunar kan sauka a huhun tsuntsu ta sa shi haki. Ɓuntu ba ya dunƙulewa da wuri, kuma a wurare da yawa kuɗin ɗauko shi kawai za ka biya. Kowanne ta zaɓa, sai ta shanya shi a rana kafin ta zuba, kauri kamar yatsu huɗu zuwa tafin hannu, ta kuma bar kaji uku ko huɗu kawai a kowane murabba'in mita.

Ka tsaya ka kalli irin wannan mata da safe, musamman in tana koya wa amaryar gidan. Kafin ta taɓa kwanon abinci sai ta durƙusa a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai daidai tsayin kaza. "Ke 'yar nan, sauko ƙasa ki ji. A tsaye ba za ki ji abin da suke shaƙa ba." In wari ya hau ido ya sa ƙwalla, to iskar amoniya ta taru, wadda ke fita idan jiƙaƙƙen kashi ya fara ruɓewa, kuma ita ce ke ƙona hanyar numfashin kaji har mura ta sami ƙofa. Daga nan ta damƙi shimfiɗa a tafin hannu ta matse, ta buɗe. Idan ta wargaje a hankali, lafiya lau. Idan ta tsaya a dunƙule kamar curin fura, ruwa ya yi yawa. "To Goggo, in kwashe duka?" "A'a, ɓarna ke nan. Kwashe ta gindin kwanon ruwa, ki zuba sabuwa, sauran ki juya da manjagara." Kwanon ruwan ma a kan bulo take ɗora shi, daidai tsayin bayan kaza, don kada su yi ta fantsala shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take karanta kashin kansa. Kaza ba ta fitsari, farin nan da ke saman kashi shi ne madadin fitsarinta, saboda haka kashi mai tauri da farar hula alamar lafiya ce. Lokaci-lokaci kaza takan yi wani mai laushi, ruwan ƙasa, mai ɗan karen wari. Sabon shiga ya gani ya ruga shagon magani, ita kuwa ko a jikinta, ta san daga wani reshen hanji yake fitowa, kuma kowace kaza tana yin sa. Amma in ta ga jini, nan take za ta miƙe. Ƙwayar cutar kashin jini tana fita ne tare da kashi, kuma sai ta kwana ɗaya ko biyu cikin ɗumi da danshi kafin ta iya kama wata kaza. Busasshiyar shimfiɗa tana hana ta nuna. Wanda ya ba da magani ya bar ƙasa a jiƙe, ciwon zai dawo masa. Koren zawo kuma, tare da kaza mai takurewa ko murɗe wuya, ya wuce dabarar gida. Wannan na malamin dabbobi ne, kuma da allurar rigakafi irin wadda cibiyar Vom ta Jihar Filato ke yi ake tare shi, tun kafin hunturu ya kama.

Damina a kudancin Katsina ta fi ta arewacin jihar nauyi, kuma markar watan Agusta ita ce babbar jarrabawa. Masu sabon kiwo sukan lulluɓe akurki da leda don tausayi, sai su kulle wari da danshi a ciki. Gwana takan ɗaga daɓen ɗakin sama da tsakar gida, ta tsawaita bakin rufi don feshin ruwa, ta bar iska tana ratsawa ta raga. A wani lungu ta ajiye tsohon daro da yashi da tokar murhu, kaji su yi birgima su kakkaɓe ƙwarƙwata.

Akwai kuma tsofaffin silifa da ke zaune a bakin ƙofar akurki, ba sa zuwa ko'ina. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona a Jaji, kan hanyar Kaduna zuwa Zariya, karo na farko a Afirka, kuma takalmi da keji da tayar mota masu ɗauke da kashi suna cikin abin da ke yaɗa ta. Kazar da aka sayo a kasuwa sai ta yi mako biyu ita kaɗai kafin ta shiga cikin 'yan'uwa. Ni dai da za a ji tawa, da an fi tsananta tsafta saboda yara: mai rarrafe duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, kuma kashin kaji na sa gudawa. Sabulu da buta kusa da akurki ba ƙyale-ƙyale ba ne.

Abin da aka kwashe ba bola ake kai shi ba. A ƙasar masara irin Funtua da Dandume, da ta tumatir irin Danja, tun da buhun takin zamani ya yi tashin gwauron zabi daga 2022, manoma bin gidajen kaji suke yi suna neman taki. Ɗanye yana ƙona shuka, don haka takan tara shi tsibi a inuwa, ta yayyafa ruwa, ta rufe da tsofaffin buhuna, tana juyawa har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi ya daina wari. Toka ba ta shiga tsibin, don tana korar ƙarfin takin ya bi iska. In maigida na da gona, nasa ne kafin na kowa, amma fa da ciniki, domin da kuɗin take sayen ɓuntu da buhun abinci na gaba.